Facin Wasan Dogo

Litinin, bayan la'asar

Yau na buɗe ɗakin Dogo. Tun ranar da ya bar gidan nan ban taɓa ƙofar ba, ina wuce ta kamar ta maƙwabta. Ina turawa wani wari ya mare ni, sai da na ja baya. Tir! Yaro ɗan shekara ashirin, ya fi ubansa tsawo, amma kofunan shayi a ƙarƙashin tebur kowanne da kalar funfunarsa. Wata safa ta bushe ta sandare, na ɗaga ta da tsintsiya ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ni na haifi wannan? Ni da nake ɗauraye cokali sau biyu?

Ba shara ce ta kai ni ba. Abin shaƙarsa na asma na je dubawa, ina addu'ar kada in gan shi. Yana nan kusa da kwamfuta, da tsohon, da sabon da ke cikin kwali. Ya fita ba ko ɗaya a aljihunsa. Wayarsa kuwa har yanzu a kashe take.

Baban Dogo yana falo, hannun dama a rataye a wuya, yana kallon talabijin ba murya. Bai tambaye ni abin da na shiga yi ba, ni ma ban faɗa ba.

Talata, da magariba

Yaya, yayar Baban Dogo, ta zo dubiya. Ba ta gama zama ba ta fara.

"Ni fa ban gane ba. Mutumin da ya shekara ashirin yana hawa babbar mota yana sauka bai taɓa ko gurɗewa ba, shi ne zai karye a banɗaki?"

Na ce, "Santsin sabulu ne, Yaya."

"Ina Dogo?"

"Ya je wajen abokai, suna karatu."

Ta kalli kujerar da na jingine a bayan ƙofa, mai ƙafa uku, ta kalle ni, ta ce Allah ya kiyaye gaba. Na ce amin. Na faɗi ƙaryar sabulun nan har na fara jin haushin sabulun gaske.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Na haɗu da mahaifiyar abokin Dogo a wajen jiran mota. Ta ja ni gefe ta ce ɗanta yana ganin Dogo kullum da yamma a cikin wasan nan nasu na intanet. Wai in mutum ya shiga, wani koren ɗigo ne ke kunnawa kusa da sunansa. Ɗanta ya rubuta masa cewa uwarka na nemanka, shi ne Dogo ya cire shi daga jerin abokai, yanzu ko shi ba ya iya yi masa magana.

To, yana raye. Na gode wa Allah a tsaye a bakin titi. Sannan haushi ya biyo baya. Uwarsa ba ta barci, shi yana can wani wuri yana saran dodanni. Wasan da ya cinye masa makaranta, ya cinye masa ido, ya cinye mana gida, shi ne kaɗai ya san inda ɗana yake. Allah wadai!

Alhamis, da safe

Iska ta juya, an tashi da sanyi. Irin wannan ce take kama wa Dogo ƙirji.

Asabar, da azahar

Baban Dogo ya tafi asibiti a duba hannun, sai na kira Injiniya, matar da ke gyara mana kwamfutoci a ofis. Ni aikina buga takardu ne, abin da ya wuce wannan ban san shi ba. Ta zauna a kujerar Dogo, ta goge maus da gefen mayafinta tana yamutsa fuska, ta yi 'yan danne-danne, sai ta kwashe da dariya.

"Maman Dogo, ɗanki ɗan duniya ne. Wasa ɗaya, folda huɗu."

Na san dalili. Duk sanda ubansa ya gano wasan sai ya goge, shi kuma ashe ya riga ya kwafe ya ɓoye a wani wuri da wani suna. Akwai Darasin Lissafi. Akwai Sabuwar Folda, akwai Sabuwar Folda ta Biyu. Ta huɗun ita ce Hotunan Umma.

Hotunan Umma! Ko hoto ɗaya babu a ciki. Ya zauna ya yi tunani, ya ga in akwai wurin da ubansa ba zai taɓa leƙawa ba a duniya, to hotunan matarsa ne. Ban san wanda zan fi jin haushi ba a cikinsu.

Injiniya ta ce Dogo yana da ƙaramin suna na biyu a wasan, wanda yake tara wa kaya, kuma wannan sunan yana cikin jerin abokansa. Mabuɗinsa a ajiye yake a folda ɗaya tak, Hotunan Umma. Sauran ukun sai sun nemi lambar sirri. In na shiga da ƙaramin sunan, zan iya rubuta masa.

Na ce, "To buɗe mana."

"Ba zai buɗu ba sai an yi masa faci. Masu wasan sun saki sabon gyara, duk wanda bai sauke ba a waje zai tsaya. Kin ga ƙaramin allon nan da ke fara fitowa? Ki ɗauke shi kamar mai gadi. Ki nuna masa folda, shi zai sauko da facin ya liƙa mata."

"In wuta ta ɗauke fa?"

"Zai ci gaba daga inda ya tsaya. Amma folda ɗaya yake iya riƙewa a ka. In aka nuna masa wata, zubar da na baya yake yi ya fara daga farko."

Da irin sabis ɗin layinmu, ta ce sai na yi kwanaki. Matsalar ita ce ba zan iya barin kwamfutar a kunne ba. Baban Dogo ya rantse a ranar da Dogo ya bar gida cewa wasan ba zai sake buɗuwa a gidansa ba, kuma fankar kwamfutar tana kuka kamar injin niƙa. Sai dai da yamma, in ya fita wajen 'yan'uwansa direbobi.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Na dawo aiki, na jira ya fita, na shiga. Kashi goma sha takwas kafin in ji ƙarar get. Na kashe na fito ina gyara ɗankwali kamar wadda ta yi sata a gidanta.

Ina zaune ina kallon layin nan yana jan ciki, a bayansa ga hoton wata ƙatuwar halitta mai haƙora, yawu na zuba daga bakinta. Wai wannan ne ya fi masa fuskar uwarsa. Datar da ko gaisawa da ƙanwata ban yi da ita ba, ita nake ɗura wa wannan ƙazanta.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Sifili. Na kunna na tarar mai gadi yana nuna Darasin Lissafi. Na mayar da shi Hotunan Umma, ya fara daga farko. Mtsw.

Laraba, ƙarfe shida da rabi

Haka dai. Jiya na bar shi ashirin da biyu, yau ya sake komawa Darasin Lissafi. Lissafin da yaron ya faɗi sau biyu, shi ne yanzu ya zame mini ciwon kai.

Maus ɗin kuma yana maiƙo. Na goge shi da omo ranar Lahadi, na tabbata na goge.

Alhamis, da hantsi, a ofis

Na tare Injiniya a bakin matakala na ce mata abinta ya lalace, da kansa yake canja folda.

Ta ce, "Ba ya canjawa da kansa."

"Na ce miki yana canjawa."

"Maman Dogo, inji ne. Sai an danna." Sannan ta ce, "Wa ke gida da rana?"

Na ce mata ina da takardu da yawa, na wuce. Na buga wasiƙa ɗaya sau uku, duk da kuskure.

Alhamis, bayan la'asar

Na tsaya a ƙofar ɗakin na duba da kyau kafin in taɓa komai. Maus yana hagu da kibod. Ni a dama nake barinsa, Dogo ma badame ne. Na ɗauka na shinshina. Man zafi.

Mutum ɗaya ne a gidan nan yake shafa man zafi, kuma mutum ɗaya ne hannunsa na dama ba ya aiki.

Wato ya sani. Ya san abin da nake yi, bai da ƙarfin halin ya tare ni ya hana, sai ya jira in tafi aiki ya lallaɓo ya ɓata. Namiji da gemunsa! Kullum ina ɗinki yana warwarewa, sannan da dare in ajiye masa abinci, in yanka masa nama ƙanana don hannu ɗaya, ya ce sannu. Yau da na ajiye farantin sai da na fita tsakar gida na tofar da yawu.

Juma'a, da safe

Na taimaka masa ya sa riga. Na riƙe numfashi har na gama ɓalla maɓallan.

Asabar, da yamma

Yana gida yini guda, ban samu shiga ba. Yaya ta kira ta ce wani ya ce ya ga mai kama da Dogo a bayan kasuwa, ya rame. Na ce ba shi ba ne, yana karatu. Ina ajiye wayar na shiga banɗaki na kunna famfo.

Ba na son rubuta abin da ya faru ranar da Dogo ya bar gida. Ina kicin na ji ƙarar, shi ke nan. Abin da ya ƙi barin idona ba uban da ke ƙasa ba ne, ɗan da ke tsaye ne, yadda ya tsaya yana kallon tafin hannayensa kamar wani ne ya ba shi aronsu. Ko takalmi bai sa daidai ba.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Sifili. Na mayar. Goma sha tara.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Sifili. Maus a hagu. Na mayar da shi dama da ƙarfi har batirin ya faɗo.

Na ɗauki abin shaƙar na girgiza a kunnena, ban san dalili ba. Sanda yake ƙarami in abin ya tashi, ƙirjinsa har fito yake yi, in zaunar da shi a cinyata ina ƙirga masa numfashi. Yanzu wa zai zaunar da wannan zanƙalelen? Gobe ba zan yi shiru ba. In rantsuwar Baban Dogo ta fi masa ɗansa, ya faɗa mini da bakinsa.

Laraba, bayan isha'i

Na ce wa shugabanmu kaina na ciwo, na dawo gida da azahar. Tun daga get na ji kukan fankar. Na cire takalmi na riƙe a hannu, na tura ƙofar ɗakin ba sallama.

Yana zaune a kujerar Dogo, ya sa gilashin karatunsa, hancinsa ya kusa taɓa allo. Hannun hagu a kan maus, ya riƙe shi a karkace kamar mai riƙe da ɗan tsako. Allon yana nuna kashi sittin da ɗaya. Kusa da shi ga kofin shayi ya huce.

Na ce, "Sannu da aiki."

Ya zabura har gilashin ya zame. "Ke! Me ya dawo da ke?"

"Na zo in ga mai ɓata mini aiki ne. Ba ka ji kunya ba, Baban Dogo? Yaron nan ya fita ba magani. Hanya ɗaya ta rage mini in yi masa magana, ita ce kake bi kana rushewa kullum?"

Ya kalle ni kamar na yi wani yare. "Wane aiki? Ni nake rushewa? Ni da kullum sai na kai shi sittin, saba'in, in ji lokacin dawowarki ya yi in kashe, washegari in tarar shegen injin ya koma wajen hotunanki, ya zubar mini da komai!"

Na ajiye takalman.

"Me kake saukewa?"

Ya kau da kai. "Facin."

"Na me?"

"Na wasan mana, na me kuwa." Ya cire gilashin ya goge a gwiwa. "Uban abokinsa ne ya faɗa mini a tasha, wai ana ganinsa a ciki. Na je wajen masu gyaran waya suka nuna mini yadda ake yi."

"Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

"Da wane baki? A gabanki na rantse."

"Me ya sa Darasin Lissafi?"

"Ita kaɗai na sani." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ita ce wadda na kama shi da ita ranar."

Na ce, "Kullum kana ganin Hotunan Umma a allon nan, bai taɓa zuwa ranka ka buɗe ka ga me ke ciki ba?"

"In buɗe in yi me? Hotunanki ne."

Wallahi Dogo ya san ubansa. Na zauna a bakin gadon nan mai wari, dariya ta zo mini, kuka ya riga ta fita. Kwana goma! Manya biyu da furfura, gida ɗaya, ɗa ɗaya, kowa na laɓewa yana zubar da aikin ɗan'uwansa, don kawai ba mai iya buɗe baki ya ce ina son yaron ya dawo. Ƙyamar da na kwana biyu ina yi masa sai ta juyo ta rufe mu mu biyu.

Na gaya masa tasa foldar ko ta gama ba za ta buɗu ba, sai da lambar sirri. Ya daɗe yana kallon sittin da ɗayan nan. Sannan ya tura mini maus.

"Mayar da shi wajen hotunan naki."

Na mayar. Sifili. Ba wanda ya kashe.

Alhamis, da safe

Fankar ta kwana tana kuka. Shi ya tashi ya duba ta, na ji shi. Hamsin da huɗu kacal, sabis sai ɗaukewa yake yi.

Juma'a, da magariba

Ya cika da la'asar. Muka jawo kujera ta biyu. Wasan ya buɗe, ga mu a jikin wani ɗan guntun mutum mai ƙaton buhu a baya, tsaye a wata kasuwa cike da halittu, rubutu na ta gudu a gefe, rabinsa zagi. Na ce tir da wannan tarbiyya. Baban Dogo ya ce in bar tarbiyya in nemo jerin.

Sunan Dogo ne na farko. Ɗigon baƙi ne. Muka zauna. Na tashi na ɗora ruwa na dawo. Ana gab da kiran salla ya zama kore.

Na kai hannu kibod, ni da nake buga shafi guda kafin shayi ya huce, sai Baban Dogo ya dafe hannuna.

"Bari ni."

Da yatsa ɗaya na hagu, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar allura. Ya goge, ya sake. Na ciji leɓe na ƙyale shi. Abin da ya rubuta: Babanka ne. Hannuna ya warke.

Na ce, "Ƙarya kuma?"

Ya ce, "Yi shiru."

Ba amsa. Ɗigon yana kore. Na jira ya cire mu kamar yadda ya cire abokinsa. Can sai rubutu ya fito.

Baba, tun ɗazu allon ke nuna kana rubutu. Da wane hannu kake yi?

Baban Dogo ya tashi ya fita tsakar gida. Na ji yana ta gyaran murya.

Na ja kibod na rubuta cewa ni ce. Na ce abin shaƙarsa yana nan, ya faɗi inda zan kai masa, ba zan tambaye shi komai ba. Ya ce ƙirjinsa ya kama shi sau ɗaya amma da sauƙi. Ya tambayi wanda ya yi wa wasan faci. Na ce ni da ubanka.

Sannan ya rubuta: Kada ki kawo, Umma. Zan zo in ɗauka gobe.

Asabar, da hantsi

Na wanke ɗakin da ruwan zafi. Safar nan na jefar, ba zan iya ba. Abin shaƙar na bar shi inda yake.

Na fito na tarar Baban Dogo ya cire majanyin da ke rataye da hannun, ya cusa a ƙarƙashin matashin kujera. Ya sa babbar riga don ta rufe ɗaurin, ya zauna yana zufa, fuskarsa ta yi fari don azaba.

Na ce, "Mayar da shi."

"Kada ya gani ya juya."

"Ya riga ya gani, tun ranar. Na gaji, Baban Dogo. Na yi wa Yaya ƙarya, na yi wa maƙwabta, na yi wa sabulu sharri. Shi kam ba za mu yi masa ba. Ya ga abin da ya yi, ya kuma ga ka buɗe masa ƙofa a haka."

Na zaro majanyin, na ɗaura masa a wuya, na gyara kullin don kada ya ci masa fata. Warin man zafin bai dame ni ba.

An ƙwanƙwasa get yanzu, a hankali, ba irin bugun Yaya ba. Na miƙe, ya ce in zauna. Ina jin shi yana kokawa da sakata da hannun hagu.